Jarrabawar gwaji ta JAMB: ko tana da amfani ga mai neman karatun likita?

Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin UTME (ainihin jarrabawar neman shiga jami'a), wadda ɗalibai ke kira mok, ba dole ba ce. Ana zaɓenta ne tun lokacin rajista, a biya kuɗinta daban, kuma makin da aka ci ba ya shiga lissafin neman gurbi. Duk da haka, ga wanda ya sa MBBS, wato digirin likita, a gaba, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Babban amfaninta shi ne lokaci. UTME tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: Turanci 60, sai Bayoloji da Kemistiri da Fiziks 40 kowanne. Wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗalibin da ya saba warware tsofaffin tambayoyi a kan tabarma, ba agogo a gabansa, a nan yake gane cewa sanin amsa daban, saurin fitar da ita daban. Misali a Fiziks: yaro ya tsaya kan lissafin lantarki guda ɗaya minti huɗu, ya ɗago ya ga Kemistiri ko buɗe ta bai yi ba. Rabon da ya fi dacewa a gwada a mok shi ne Bayoloji minti 15 tunda yawancinta haddace ce, Kemistiri 30, Turanci 35, Fiziks 35, ragowar biyar a koma kan waɗanda aka tsallake. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada a bar tambaya babu amsa.

Mok tana kuma sa hannu ya saba da na'ura: haruffan A zuwa D don zaɓe, N don gaba, P don baya, da kalkuletar da ke kan allo, wadda take ɗaure wa mutane da yawa kai a karon farko. Haka tantance yatsa a bakin ƙofa; in zanen yatsan yaro yana gardama, gara a sani tun yanzu.

Rauninta a fili yake. Maki kawai take bayarwa, ba ta nuna tambayar da aka kuskure balle dalili. Don haka da an fito a zauna a rubuta duk darasin da ya ba da wahala kafin a manta.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayen da ke ganin maki mai kyau a mok su saki jiki. Guraben likita kaɗan ne, domin hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Mai nema na ƙwarai yana buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so, ba haɗin WAEC da NECO ba. Sai jarrabawar tantancewa ta jami'a, sai ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB don ya bayyana a CAPS, tsarin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa, wanda rashinsa kaɗai kan hana gurbi. Mok ba ta auna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wanda ya ci ƙasa da 60 cikin 100 a Fiziks ko Kemistiri a mok, makonnin da suka rage kafin UTME a kansu ya kamata su ƙare, da agogo a gefe.