Taswirar hare-haren Baikin: ganuwoyi sun fito, iyaka ta ɓaci

Taswirar bango ce mai leda a fuska, faɗinta mita ɗaya da ɗoriya, tana nuna hare-haren Baikin, wato mayaƙan jiragen ruwa daga Denmak da maƙwabtanta, a Ingila tun daga farmakin da suka kai tsibirin Lindisfarne a shekarar 793. Abin da ya sa na saye ta shi ne garuruwa masu ganuwa na Sarki Alfred na Wessex, a kudancin Ingila, kuma a nan kam ta burge ni. An sa su talatin da 'yan kai, kowanne da adadin gonakin da aka ɗora wa nauyin tsaronsa. Winchester 2,400, Wallingford ma haka. Da wannan sai ɗalibi ya yi lissafi da kansa: kowace gona mutum ɗaya, mutum huɗu ga kowace mita biyar ta ganuwa, ka ga mutum 2,400 sun ishi kusan mita 3,000, wanda ya yi daidai da kewayen ganuwar Winchester. Ban zaci masu taswirar kasuwa za su kai nan ba.

To sai idona ya kai kan jan layin da ya raba ƙasar Alfred da ta Guthrum, shugaban Baikin 'yan Denmak. An ɗora ma'auni ne kawai aka ja shi sambal a kan tsohuwar hanyar Rumawa ta Watling, aka jefa Landan ɓangaren 'yan Denmak, sannan aka rubuta shekarar 878 a jiki. Haba! Yarjejeniyar da Alfred da Guthrum suka yi tana nan, kuma ta faɗi iyakar ƙarara: a bi kogin Tems, a shiga kogin Lea har mafarinsa, a miƙe zuwa Bedford, a bi kogin Ouse har a tarar da hanyar Watling. Landan tana yamma da Lea, wato a hannun Alfred take, shi ne ma ya gyara ta a 886. Abin da ya faru a 878 daban ne. Guthrum ya afka wa Chippenham a watan Janairu, Alfred ya fake a fadamar Athelney, ya tara mayaƙan Somerset da Wiltshire da Hampshire, ya ci nasara a Edington, aka yi wa Guthrum baftisma a Aller. Zancen shata iyaka daga baya ya zo. An cakuɗa abu biyu a layi ɗaya, kuma yaro ya fi yarda da abin da ya gani a bango fiye da bakin malami.

Gyaran ba shi da wuya, amma da takaici. Alƙalamin allo yana kama ledar, sai dai a goge shi a ranar, in ya kwana yana barin shuɗin tabo. Shi kuwa jan layin a ƙarƙashin leda yake, ba ya goguwa, sai dai a rufe shi da farin salatif a ja sabo.

Kiban da ke nuna tafiyar babbar rundunar Baikin ta 865 daidai suke: Gabashin Angliya, Yok a 866, zaman hunturu a Repton a 873. Amma Æthelflæd, 'yar Alfred da ta ƙwace Derby daga hannun Baikin a 917, ko sunanta babu. Ga kuma hoton mayaƙi da hular ƙarfe mai ƙaho a kusurwa, abin da Baikin ba su saka ba a yaƙi.

Da farko na yi niyyar ba ta tauraro huɗu saboda ganuwoyin. Da na tuna a ninke aka aiko ta maimakon a nannaɗe cikin kwali, har karin ya ratsa ta kan Athelney ya cinye rubutun, sai na tsaya a biyu. Mai saye ya nemi a turo masa hoton yankin Landan tukuna.