VLC da wutsiyar fayil: wata huɗu ina amfani da shi

Mai ɗaukar hoto ya kawo mana bidiyon bikin ƙanwata a filash. Muka taru a falo nan Anguwar Rogo, har da Hajiya lulluɓe da bargo saboda sanyin Jos, na cusa filash a tsohuwar laftof ɗina, ta ce sam ba ta san zancen ba. Sunan fayil ɗin ya ƙare da .mkv. Ni kuma da wayona sai na goge haruffan na rubuta .mp4. Shiru kake ji. Ɗan yayata da ke gyaran waya a Taminus ya kwashe da dariya ya ce, "Kawu, ko ka rubuta shinkafa a jikin buhun masara, ai masara ce a ciki." Shi ya sa min VLC, wata manhajar kunna bidiyo da sauti, kafin shayi ya huce amarya ta fito a allo.

A ranar na gane aikin haruffan nan da ke bayan ɗigo, waɗanda nake kira wutsiya. Su ke gaya wa kwamfuta wace manhaja za ta kira: .docx a kira Word, .xlsx a kira Excel, .cdr kuwa sai CorelDRAW, shi ya sa masu buga katin biki ba sa rabuwa da shi. Canza wutsiya ba ya canza abin da ke ciki. Shi .mkv ma akwati ne kawai, yana iya ɗaukar hoto da murya fiye da ɗaya da rubutun fassara a haɗe. Matroska ake ce masa, daga sunan 'yar tsanar Rasha mai wata a cikin wata.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dai ba bikin ba ne. Akwai wani ƙaramin memori na tsohuwar Nokia da na ajiye a ambulan shekara da shekaru, cike da .3gp da .amr da na ɗauka sun mutu. Na jawo su cikin VLC ɗaya bayan ɗaya. Hoton dishi-dishi, kamar ana kallo ta labule, amma ga marigayi Baba a ƙofar gida ranar Sallah yana faɗa a kan wanda ya bar rago ya kwance. Muryar ta yi ƙasa, na ɗaga ta ta wuce kashi 100 cikin 100, don VLC yana ba da wannan damar. Hajiya ta sa na maimaita sau uku. Ba wanda ya yi magana a falon.

VLC kyauta ne, ba talla, ba "biya ka ci gaba". Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi ta Faris a 1996, aka sake shi ga kowa a 2001, yanzu ƙungiyar VideoLAN ke kula da shi. Saƙon murya na WhatsApp da ka kwafo zuwa kwamfuta, mai wutsiyar .opus, shi ma yana buɗe shi, don haka karatun malamai da ake turo mana a guruf duk na tattara su wuri guda. Yana kuma iya mayar da .mkv ya zama .mp4 na gaske, wanda shi na yi kafin talabijin ɗin Hajiya ta karɓa.

Kada dai a ɗora masa abin da ba nasa ba. Na sauti ne da bidiyo. Takarda ko zane sai ka nemi mai su. Wani maƙwabcina ya turo min "bidiyo" ya ce VLC ya ƙi buɗewa, da muka sa Windows ta nuna wutsiyoyi, don ɓoye su take yi idan ta san irin fayil ɗin, sai ga .mp4.exe, wato ba bidiyo ba ne, manhaja ce da aka yi wa shigar bidiyo, irin wadda ke iya cutar da kwamfuta. Ɗan yayata bai ko tsaya tambaya ba, ya goge shi, ya karɓi filash ɗin ya tafi da shi shago.