Wasiƙa daga Melbourne: shin ana biya wa masu nakasa kuɗin haya?

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ka tambaye ni ko gaskiya ne a Ostireliya gwamnati na ba mai nakasa gida kyauta. Da yake sana'ata ke nan, kula da su a gidajensu, bari in warware maka zare da abawa.

Tsarin sunansa NDIS, wato inshorar gwamnati ta masu nakasa. An yi dokarsa a 2013, ya karaɗe ƙasar a 2020. Ana tsara wa kowa kasafi gwargwadon buƙatarsa, amma sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin, wanda bai kai shekara 65 ba lokacin da ya nema. Ɗalibi da mai bizar aiki ba sa ciki.

Haya kam masu NDIS ba sa biya. Haka cefane, kuɗin wuta da na ruwa, da bashin banki na sayen gida. Hujjarsu ita ce kowa na biyan waɗannan, mai nakasa da marar ita. Daga fanshon nakasa da Centrelink, ofishin tallafin gwamnati, ke bayarwa, da ɗan tallafin haya da ake ɗorawa a kai, mutum zai fitar. Ga haya a Melbourne da Sidni ta yi tashin gwauron zabi.

Abin da suke ɗauka shi ne nauyin da nakasar kanta ta jawo. A cire matakala a sa gangara, a faɗaɗa ƙofa keke ya wuce, a gyara banɗaki, a kafa na'urar ɗaga mutum daga gado. Sai ƙwararre ya zo ya auna ya rubuta rahoto, in gidan haya ne kuma sai mai gida ya sa hannu. Sannan albashin irinmu, wanda suke kira SIL: wanka, girki, ba da magani, kwana da mutum in lalurar ta kai. Wannan ɓangaren na yaba masa ƙwarai. Na ga uwa mai furfura ta samu ta yi barci har asuba, domin akwai mai juya ɗanta da dare.

Akwai gidajen da ake ginawa musamman, SDA, amma an ƙiyasta su ne ga kusan kashi 6 cikin 100 na mahalarta, masu lalura mafi tsanani. Ko a can mutum na biyan rubu'in fanshonsa haɗe da tallafin hayar. Akwai kuma masaukin wucin gadi, yawanci kwana 90, ga mai jiran a gama masa gyara.

Wanda ke ci mini rai shi ne na tsakiya. Lalurarsa ba ta kai ta SDA ba, aljihunsa bai kai hayar kasuwa ba, layin gidajen gwamnatin jiha kuma shekaru ake yi a kai. An amince masa da masu hidima, babu ɗakin da za a yi hidimar. Wasu har an sallame su suna kwance a asibiti don rashin wurin komawa. A wurinmu a Najeriya gidan gado na nan, ba mai korar ɗan'uwa, sai dai gadon bayan uwa da na ƙanne ne ke ɗaukar komai. Dokar Najeriya ta masu nakasa da aka sa wa hannu a 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika, ba ta kuma taɓa cikin gida ba.

Don haka batun Baba, kada ku jira kowa. Zan aiko da kuɗin siminti. Ka ce wa magini ma'aunin gangara a nan shi ne kowane inci 1 na tudu a ba shi inci 14 na tsawo, in ba haka ba keken zai gagari mai turawa. Ƙofar banɗakin kuma kada ta gaza santimita 85. Ka gaishe mini da Baba sosai.