Wasannin makaranta: gasa ko nishaɗi?

Malama, kin tambaya ko ya kamata wasannin yara a makaranta su zama na gasa, ko a ƙyale su su yi don jin daɗi kawai. Bari in jera miki ƙasashe biyu, kowacce da tata hanyar.

Jamaika gasa ta riƙa. Tun 1910 ake gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantun sakandare, wadda suke kira Champs. Filin wasa na ƙasa da ke Kingston kan cika maƙil, ga talabijin na nunawa. A nan Usain Bolt ya goge tun yana ɗalibi. Yaron da ya saba gudu a gaban dubban mutane, ihun 'yan kallo ba zai firgita shi ba in ya girma.

Norway kuwa tun 1987 take da ƙa'idojin wasannin yara, ko da yake a can ƙungiyoyin unguwa ne suka fi riƙe da harkar. Ba a fitar da jerin wa ya zo na ɗaya kafin shekara 11, babu gasar ƙasa kafin 13. Kada ki ɗauka ragwaye ake rainowa: ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba ta kwashe zinare 16 a Olamfik na hunturu a Beijing, 2022.

Ni dai a firamare ina bayan Norway, kuma ga dalilina. A aji ɗaya za ki tarar da yaron da ya girmi ɗan'uwansa da wata 11. A shekara 8 wannan tazara babba ce. Sai malamin wasanni ya zaɓi mai tsawon ƙafa yana zaton baiwa ya gani, alhali girma ne kawai. Wanda aka zaɓa ya yi ta samun horo, wanda aka bari a benci ya tsani fili. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya na son kowane yaro ya motsa jiki minti 60 kullum, gwani da wanda ba gwani ba.

Ba cewa nake a daina ƙirga ƙwallo ba. Ko kin hana, yara za su ƙirga abinsu. A ci, a sha kashi, a riƙa sauya 'yan ƙungiya, kowa ya buga. Teburin maki da tace 'yan wasa su jira sakandare, nan ma ga wanda ya ce yana so.