Kai 'yan aji ɗaya lambu ko shuka da su a cikin aji: wanne ya fi?

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina da yara 36 'yan aji ɗaya, kuna kan darasin tsirrai, an kuma ba ki damar yin abu ɗaya na musamman a wannan zangon: ko ki kai su lambu, ko ki shirya musu shuka a cikin aji. Kina tambayar wanda ya fi amfani. Ga yadda muke ganinsu in an jera su.

Da farko, ba aiki ɗaya suke yi ba. Ziyara tana nuna wa yaro abin da ba zai shigo ta ƙofar aji ba: girman bishiya, layukan shuka, yadda ake ban ruwa, da mutumin da wannan ne aikinsa kullum. Gani ya kori ji, gaskiya ne. Sai dai tsiro ba ya girma a gaban ido cikin awa biyu, don haka abin da yaro zai gani a lambu tsiro ne da ya riga ya gama fitowa. Shukar aji kuwa kofi ne da ƙwaya, amma yaro yana komawa kanta kowace safiya har mako biyu ko uku, ya ga da idonsa cewa saiwa ce ke fara leƙowa kafin kara da ganye. In burinki su gane yadda tsiro ke girma, aji ya fi. In burinki su san inda ake shuka da masu yin ta, lambu ya fi.

Akwai wata matsala da ziyara ke da ita wadda aji ba shi da ita, wato baƙuntar wuri. A 1978 John Falk da abokan aikinsa na cibiyar Smithsonian a Amurka sun gano cewa yaran da aka kai wurin da ba su saba da irinsa ba suna ƙarar da hankalinsu wajen kalle-kalle da neman sanin wurin, darasin da aka je dominsa ya wuce su. Waɗanda suka saba da irin wurin ne suka kama darasin. Ɗan shekara shida da ya sauka daga mota, abin da ke ransa shi ne ina banɗaki, yaushe za a huta, yaushe za a koma gida. Maganin wannan a aji ake yin sa tun kafin a fita: ki nuna musu hotunan wurin, ki zana musu tsarin ranar a allo daki-daki, ki maimaita har su iya faɗa miki da kansu. Wani binciken da Falk ya yi da Lynn Dierking a 1997 ya nuna cewa kusan duk waɗanda aka tambaya, yara da manya, suna tuna wata ziyarar da suka yi a farkon firamare, da inda aka je da waɗanda aka je da su. Wannan ƙarfin ziyara ne na gaske. Amma tuna ranar daban, fahimtar darasin daban.

Ta fuskar mutane, bambancin babba ne. Shukar aji ke da mataimaki ɗaya kun isa. Ziyara kuwa, shawarar da gwamnati ta taɓa bayarwa a Ingila a 1998 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ita ce babba ɗaya ga yara shida. Yara 36 ke nan manya shida, ke ta bakwai, kuma kada ki ɗauki rukuni ko ɗaya, domin ke ce za ki riƙa zagayawa, ke za a nema in wani ya faɗi ko ya yi amai. Kowane babba ki ba shi takarda mai sunayen yaransa shida. Sunaye ake kira, ba kawuna ake ƙirgawa ba, saboda yara suna motsi sai a ƙirga ɗaya sau biyu, ko a haɗa da yaron wata makaranta. A kira sunan kafin shiga mota, bayan sauka, bayan fitowa daga banɗaki, da kafin tashi. A waɗannan gaɓoɓin ne yaro ke ɓacewa, ba a tsakiyar kallo ba. In iyaye ne mataimakan, a gaya musu ƙarara cewa yara shida aka ba su, don uwa takan zuba wa ɗanta ido ta manta da sauran biyar ba da gangan ba.

Shirin ziyara ma ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Sai kin je wurin da kanki tukuna kin duba banɗaki, inuwa, ruwan sha, da abubuwan haɗari irin su rijiya, kududdufi, kayan aiki masu kaifi da maganin feshi. Sai takardar amincewar iyaye, da wurin rubuta ciwon da yaro ke da shi kamar asma, farfaɗiya ko sikila, da lambar da za a kira. Sai akwatin taimakon gaggawa, da kayan canji na yara biyu ko uku. Katin da za a maƙala wa yaro a rubuta sunan makaranta da lambarta, ban da sunan yaron, kada baƙo ya kira shi da suna yaron ya bi shi. Tafiyar mota kada ta wuce minti talatin zuwa arba'in, zama a wurin kuma awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar. Ki ware minti ashirin na banɗaki kaɗai. Yara 36 ba sa gamawa a ƙasa da haka.

Abin da ya fi ɓata ziyara shi ne mai bayani. Masanin lambu yakan tsaya ya yi jawabin rabin awa da harshen manya, na gaba suna gundura, na baya ba sa ganin komai. Yara masu wannan shekarun da wuya su saurari magana fiye da minti goma zuwa sha biyar. Ki roƙe shi tun da wuri ya tsaya a wurare uku kawai, minti biyar-biyar, kowane wuri da abin da yaro zai taɓa. Takardar tambayoyi kuma ba ta da amfani ga wanda bai gama iya karatu ba. Kowane rukuni ki ba shi aiki ɗaya da baki, misali su nemo ganye mafi girma da mafi ƙanƙanta su zana.

Shukar aji kayanta kaɗan ne. Kofin roba da ake ganin ciki ga kowane yaro, ko gindin gorar ruwa da babba ya yanka, da auduga, da ƙwayar wake uku-uku, domin ba duka ke tsirowa ba, kuma yaron da nasa bai fito ba shi kaɗai zai yi kuka. Ki jiƙa ƙwayoyin su kwana a ruwa, a shuka ranar Litinin don saiwa ta fito kafin a tashi hutun ƙarshen mako. A sa ƙwayar tsakanin audugar da jikin kofin yadda za a gan ta. Saiwa takan leƙo cikin kwana biyu zuwa huɗu, kara da ganye kuma wajen mako guda. Kada ki yi amfani da irin da aka shafa wa magani, wanda ake gane shi da launin ja ko kore a jikinsa. Ki raba ƙwayoyin da ƙirga, ki kuma sa ido, don 'yan aji ɗaya suna cusa ƙwaya a hanci ko kunne.

Abin da ke kashe wannan shuka yawanci ƙauna ce ta yi yawa: kowane yaro yana son ya ba da ruwa. Ƙwaya tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, in ta nutse sai ta ruɓe ta yi wari. Audugar ta kasance da danshi kawai, ban da ruwa kwance a gindi. Cokali ɗaya ko biyu a rana ya isa, ranar Juma'a a ɗan ƙara a janye kofunan daga rana.

A nan ne aji ya yi wa lambu nisa, domin ana iya gwaji. Ki ware kofuna uku na aji duka: ɗaya babu ruwa, ɗaya cike da ruwa, ɗaya a cikin kabad mai duhu. Ki sa yara su faɗi abin da suke tsammani kafin a gani, ki rubuta a allo. Na farko ba zai tsiro ba, na biyu zai ruɓe. Na duhun ne ke ba su mamaki, har da wasu manyan, don zai tsiro ya yi tsawo, amma siriri kuma ɗorawa-ɗorawa, saboda abincin da ke cikin ƙwayar ne ke tayar da shi, haske kuwa sai ganye ya fito ake buƙatarsa. Minti goma kowace safiya ya isa: a duba, a zana, a yanki siririn kwali daidai tsawon tsiron a liƙa a jere. Ga lissafi ya shigo, ga kalmomi huɗu na karatu, iri, saiwa, kara, ganye.

Shawararmu ga wannan darasi ita ce ki zaɓi shukar aji. In har za a bar ki, a mako na biyu ki fita da su da ƙafa zuwa wata bishiya ko shuka a harabar makaranta, minti talatin, su nemo kara da ganye a jikin babban tsiro su kwatanta da nasu. Ziyarar mota ki adana ta don darasin da ba ya shiga aji ko kaɗan, kamar na manyan dabbobi.

Bayan kamar mako biyu za ki ga ɓarin ƙwayar guda biyu da ke manne a jikin kara sun yamutse sun fara faɗuwa. Abincin da ke cikinsu ya ƙare ke nan, auduga kuma ba ta da abin da za ta ba tsiron. A lokacin a mayar da su cikin ƙasa, a mazubin da aka huda gindinsa, a ɗauko tsiron tare da audugarsa don kada saiwar ta tsinke.