Wane gem za ka sayo wa shagonka: PS2, tsohuwar kwamfuta ko 'yar robar nan mai wasa dubu tara?

Tun da aka fara sayar da riɗin bana, samari uku suka zo mini da tambaya iri ɗaya, cikinsu har da ɗan yayata da ke da rumfar cajin waya a wani ƙauye bayan Gumel. Shi ne ma ya fi matsa mini. "Kawu, kuɗin ba su kai na PS4 ba, ko na uku ma sai na sayar da akuya. A cikin tsofaffin nan wanne zan ɗauka?" Na ce masa ya bari in zauna in rubuta, don in na faɗa da baki, kafin ya kai tasha ya mance rabi.

Mutumin birni in zai sayi gem, kyan hoto yake dubawa. Mu nan abu huɗu ne ke yanke hukunci: wutar da na'urar ke ci, yadda take jure ƙurar hunturu, yadda take jure hannun yaran da suka taso daga gona, da kuma ko in ta lalace akwai mai gyaranta a kusa. A kan waɗannan huɗun ni PS2 siririya, wato PlayStation 2 ta Sony, na zaɓa, kuma ba zan ɓoye ba tun daga farko.

Sauran bari in sallame su da wuri. 'Yar robar nan mai kaset mai ruwan ɗorawa, wadda ake rubuta wa 9999 a jiki, kwaikwayon Famicom ce ta Nintendo da ta fito tun 1983. Mario, Contra da wasan tanka ne ake ta maimaitawa da suna daban-daban, bindigar harbin agwagwar ma ba ta aiki a talabijin ta zamani mai fale-fale, sai tsohuwa mai ƙeya. Ka saya wa ƙannenka su yi a tsakar gida, amma ba wanda zai biya ka kuɗi ya zauna gabanta. Sega akwai masu kewarta saboda Mortal Kombat 3 da Sonic, sai dai ta asali ta yi wuya, na kasuwa kusan duk kwafi ne. PS1 ba ta da dalili, tun da PS2 na karanta yawancin faya-fayanta. Masu cewa a sa PPSSPP, manhajar da ke buga wasannin PSP, a waya kuma, ai wannan harkar mutum ɗaya ce a ɗakinsa.

Kwamfuta ce kaɗai nake ganin ta isa a tsaya a yi mata magana. Duk wanda ya koyi kwamfuta a zamanin Windows XP yana da wasan da ya riƙe masa zuciya. Wani Road Rash ne, na babur, inda kake tafe kana naushin na kusa da kai. Wani GTA Vice City, wanda ya zo kan kwamfuta a 2003. Akwai wani malamin firamare da ke zuwa caji wurina, shi har gobe ba ya yarda an taɓa yin wasan harbi kamar Project IGI na 2000. Hujjarsa ita ce ba a ajiye wasa a tsakiyar aiki, in aka harbe ka a ƙofar ƙarshe sai ka koma farko, saboda haka dole ka koyi laɓewa da haƙuri. Na yarda da shi a nan. Kuma tsohuwar laftof 'yar Kwatano za ta ɗauki duk waɗannan, har da Zuma na iyaye mata, ga shi za ka tura wa mutane karatu da waƙa a memori da ita. Matsalar ita ce yawancin wasanninta na mutum ɗaya ne, sauran sai kallo. Madannanta ba sa jure duka, batirinta yawanci ya riga ya mutu kafin ta iso hannunka, filashi ɗaya mai bairos kuma ya isa ya ɓata maka aikin mako. Ta tebur kuwa, da allonta, sai ta shanye maka batirin sola kafin isha'i.

PS2 Sony ta fitar da ita a 2000, ta fito da siririyar a 2004, ba ta daina ƙera ta ba sai wajen farkon 2013, kuma an sayar da sama da miliyan 150 a duniya. Wannan yawan shi ne amfaninmu. Duk abin da ya mutu a jikinta akwai wata gawa a shagon mai gyara da za a ciro a sa maka, a Kano ko Haɗejia.

Abin da ke kawo kuɗi kuwa ƙwallo ne, kada wani ya ruɗe ka da wasa ɗari biyu. A shagona in aka yi wasa goma, bakwai ƙwallo ne, kuma Pro Evolution Soccer 6 na Konami, wanda ya fito a 2006, shi ne har yanzu manyan samari ke nema. Dokarmu ɗaya a rubuce take da alli a jikin ƙofa: ba a ɗaukar Inter. Dalili Adriano ne, wanda aka ba ƙarfin shot 99, in ya juya kan ƙafar hagu daga wajen yadi na sha takwas, gola sai dai ya ɗauko a raga. Wata Alhamis da yamma, bayan an taso daga kasuwar Maigatari, wani mai awon hatsi ya shigo da ƙurar kasuwa a gira, ya ajiye buhunsa ya karɓi hannu. Yaro ɗan aji uku na sakandare ya ba shi uku ba ko ɗaya da Merseyside Red, wato Liverpool ɗin da ba a ba su lasisin sunanta ba. Mutumin bai ce uffan ba, ya juya hannun ya duba bayansa, ya busa maɓallan, ya ce da ni, "Malam, wannan hannun naka yana cin R1." Benci ya kwashe da dariya. Sai da na sauya masa hannu, aka sake ba shi biyu.

Ƙananan yara kan yi ƙorafin ba Mbappe ba Osimhen. Akwai gyararrun kwafi da ake sa wa sabbin 'yan wasa da riguna, ka sa musu ɗaya su huta, amma injin wasan na da ne, don PES 2014 ne na ƙarshe da aka yi wa PS2. Masu FIFA ba na musu da su, a kan wannan na'urar dai ƙwallonsu kamar an ɗaure ta da zare a ƙafa take. Bayan ƙwallo sai kokawa, SmackDown Here Comes the Pain, sai Tekken 5, sai Need for Speed Most Wanted. God of War da Resident Evil 4 na masu dogon zama ne. GTA San Andreas na cire shi gaba ɗaya, na manya ne, kuma ba na son ranar da malamin Islamiyya zai leƙo ya ga abin da ke ciki.

To, babba ko siririya? A nan ne aka taɓa ƙona ni, a zahiri ma. Farkon shigata sana'ar, wani mai shago a birni ya nuna mini babba, baƙa wuluk tana sheƙi, ya kunna mini ita a teburinsa ta yi aiki lafiya lau. Ban lura wayarta ta bi ta cikin wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin tebur ba. Na biya da kuɗin gyaɗata, na hau mota. Da na isa gida na tada janareta, yara sun cika ƙofa, na soka ta a soket. Sai ƙara ɗaya, tas, da warin ƙonanniyar roba. Ashe 'yar Amurka ce mai cin wuta 120, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, akwatin nan na rage wuta ne bai ba ni ba, bai kuma faɗa mini ba. Da na koma cewa ya yi janaretana ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, shi ya sa yanzu kafin in kalli gaban na'ura sai na juya bayanta. Akwai takarda mai lamba da ta fara da SCPH. Lambar ƙarshe ita ce ƙasar: 0 Japan, 1 Amurka, 3 Ingila, 4 sauran Turai. Mai 3 ko 4 ka nema, ka kuma karanta adadin wutar da idonka. 'Yar Amurka ko Japan tana da wata matsalar, a wasu tsofaffin talabijin hotonta fari da baƙi yake fitowa.

Siririya mai lamba a jerin 70000 zuwa 79000, kamar 70004, adaftarta a waje take, tana ba da 8.5V. In wuta ta yi hauka, sau da yawa adaftar ce ke tafiya ta bar maka na'urar, kuma ba ta da ci, ƙaramar inbata na ɗaukarta tare da talabijin. Babba abin da ta fi shi ne ana sa mata hadis, wato hard disk irin na kwamfuta, a ciki, wasa ya yi gudu ba tangarɗa, ga wanda ya samu mai lafiya.

Batun faifai ka manta da shi. Idon da ke karanta faifai shi ne farkon abin da ƙura ke kashewa, kuma duk PS2 da ke kasuwa yau ta haura shekara goma. Abin da ake yi shi ne memori kad mai Free McBoot, wanda ke ba na'urar damar tada manhajojin da ba na Sony ba, da manhajar OPL mai buɗe wasa ba faifai, wasannin kuma a filashi. Ramin USB ɗinta tsohon yayi ne, saboda haka bidiyon farkon wasa kan riƙa sarƙewa, amma ƙwallo da kokawa ba ruwansu. Ka kula da mai lamba a jerin 90000, ita ce ta ƙarshe kuma ta fi kyan gani, amma yawancinsu ba sa karɓar Free McBoot, sai da wata dabara daban wadda ba kowane mai shago ya iya ba.

Jabu kuwa, a wannan harka ya fi na gaske yawa. Akwai wadda aka yi wa jiki irin na PlayStation aka rubuta PolyStation, ka buɗe murfin faifai ka tarar da ramin kaset. Wannan ta kama iyaye da yawa masu sayen tsaraba. Akwai kwali sabo fil da leda, a ce maka sabuwa ce daga kamfani, alhali kamfanin ya daina yi tun tuni, tsohon ciki ne aka sa wa sabuwar riga. Ka duba sukurorin ƙasa, in bakinsu ya cinye an sha buɗe ta. Hannu na asali lambarsa SCPH-10010, yana da nauyi, wayarsa doguwa ce mai kauri. Na jabu kamar fanko yake, wata ɗaya analog, wato ɗan sandan da ake juya ɗan wasa da shi, ya fara tafiya da kansa, ɗan wasa yana ta gudu zuwa kwana ba wanda ya taɓa shi. Tsohon na asali mai ƙyalli a wurin yatsa ya fi mini sabon jabu uku. Memori kad da Sony ta yi 8MB ne, in ka ga tambarinta a kan 64 ko 128 ba nata ba ne. Wasu na aiki, amma a kan irinsa wani yaro ya rasa ƙungiyarsa ta Master League a PES, wadda ya yi wata huɗu yana ginawa tun daga 'yan wasan da ake fara ba ka, su Castolo da Minanda, sai da ya yi kwana biyu bai gaishe ni ba.

Filashi ma haka. A rubuta 128GB, kwamfuta ma ta nuna 128, amma cikinsa bai kai 16 ba. Sunayen wasanni za su jeru reras, na farko-farko su buɗe, sauran baƙin allo. Mai shago ya san waɗanda ke buɗewa, su zai nuna maka. Kai ka karɓi hannu ka zaɓa da kanka, ɗaya a sama, biyu a tsakiya, biyu a can ƙasa. Adafta kuma kada ka yarda da ta laftof da aka yanke wa kai aka ɗaure da salatif, ka karanta 8.5V a jikinta. Ka sa a cire wayar daga inda ya soka, a soka kai tsaye a soket ɗin bango kana kallo. Ka buga wasa biyu cikakku da hannuwa biyun, ka taɓa jikinta ka ji zafi, ka saurari fanka. In ya fara cewa yana da kwastomomi, ka ɗauki jakarka. Ka kuma sa ya rubuta lambar SCPH da lambar jikin na'urar a rasit, don akwai masu sauya ta lokacin da ake sa maka a leda.

Ɗan yayata zai shiga Kano ranar Asabar. Na ba shi tsohon hannuna na asali ya tafi da shi don ya gwada nauyi, na kuma ce ya rage kuɗin sitabilaiza da yadi ɗaya na atamfa, wanda babarsa za ta ɗinka wa na'urar murfi kafin iskar Disamba ta taso.