The Great Dictator ko The Dictator: ga wanda za ka kunna a gida

Ɗan uwa, fina-finan nan biyu da ka tambaya a kai, suna ne kawai ya haɗa su, amma hanyar jirgi daban, ta mota daban. Ka ɗauki na Charlie Chaplin, The Great Dictator, na 1940.

Faifansa ya daɗe a hannuna. Na taɓa kallonsa tare da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji. Da aka zo inda Hynkel, wato Hitler ɗin da Chaplin yake kwaikwayo, yake rawa da balan-balan mai taswirar duniya, yana cilla ta sama yana cafewa har ta fashe masa a hannu, Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce kowane azzalumi haka yake ƙarewa. Chaplin ɗin ne kuma ya fito a mai aski, Bayahude talaka, kuma abin da ya sa nake ƙaunar fim ɗin ke nan: zolayar a kan mai mulki take sauka, waɗanda ake zalunta ba a zubar musu da mutunci ba. Ya fitar da shi Hitler yana kan ganiyarsa, Amurka ma ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba tukuna. Duk da haka, a tarihin rayuwarsa na 1964 ya rubuta cewa da ya san irin ta'asar da ake yi a sansanonin 'yan Nazi, da bai yi fim ɗin ba.

The Dictator na Sacha Baron Cohen, na 2012, saye na yi na yi da-na-sani. Wai irin su Gaddafi ake yi wa shaguɓe, amma yawancin dariyar a kan gemu take, da lafazin Larabawa, da mata, ga batsa ga tsiraici. Sai da na kashe saboda yara, na ƙarasa ni kaɗai. Jawabin ƙarshe da ya caccaki Amurka yana da ma'ana, iyakarsa ke nan.

Ka yi hattara da masu tura fim a waya. Wasu in ba su da na Chaplin sai su tura maka na 2012 su ce ai duk ɗaya ne. Ka sa a kunna maka a gabanka kafin ka biya: na Chaplin baƙi da fari ne, in ka ga kala, ka karɓi kuɗinka.